Gaskiya ko Jita-jita: Wa Ke Yanke Shawara a Ƙaramar Hukuma?

Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, kuma an jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya a cikin kundin tsarin mulkin 1999: guda 768 a jihohi, shida a Abuja. Kano ce ke kan gaba da 44, Katsina na biye mata da 34, Jigawa na da 27, Bayelsa kuwa takwas kacal gare ta. Kasuwar da talaka ke ci, da maƙabartar da za a kai shi, da kwatar da ake yanka naman da yake saye, da magudanar ruwan ƙofar gidansa, duk doka ta ɗora su a wuyan ƙaramar hukuma. Duk da haka mutum zai iya lissafa maka ministoci goma, amma ka tambaye shi ranar da majalisar ƙaramar hukumarsa ke zama ya yi shiru. Inda sani ya yi ƙaranci kuwa, jita-jita ke cike gurbin. Ga wasu daga cikin maganganun da aka fi yi a majalisun unguwa da teburin mai shayi, da abin da doka da tarihi suka ce a kansu.

“Ciyaman shi ne wuƙa shi ne nama, kansila ɗan rakiya ne kawai.”

A takarda wannan ba gaskiya ba ne. A aikace kuwa akwai gaskiya mai yawa a ciki, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita ce babbar cutar ƙananan hukumominmu.

Tun zamanin Janar Ibrahim Babangida, a 1991, aka raba ƙaramar hukuma gida biyu irin yadda aka raba gwamnatin tarayya, kuma akasarin jihohi har yau a kan wannan tsari suke. Ɓangaren zartarwa ya ƙunshi ciyaman, da mataimakinsa, da sakatare, da kansiloli masu gafaka, wato waɗanda ake naɗawa su kula da ayyuka, lafiya, ilimi, noma da makamantansu. Ɓangaren dokoki kuwa shi ne majalisar kansilolin da jama'a suka zaɓa, kowace mazaɓa da nata. A Kano mazaɓu 484 ne, ka ga kusan kansila 11 ke nan a kowace ƙaramar hukuma. Su ke zaɓar shugaban majalisa a tsakaninsu, suna da akawu mai rubuta abin da aka tattauna, suna kuma da kwamitoci. Mutane da yawa na haɗa kansila mai gafaka da zaɓaɓɓen kansila a kwando ɗaya, alhali na farko yaron ciyaman ne, na biyun kuwa aikinsa shi ne sa wa ciyaman ido.

Ikon majalisar ba na wasa ba ne. Ita ke yin dokokin cikin gida, kamar na kuɗin rumfa a kasuwa, da wurin zubar da shara, da sakin dabbobi a gari lokacin damina. Ita ke duba kasafin kuɗin shekara da ciyaman ya kawo, ta rage, ta ƙara, ko ta mayar masa da shi. Tana iya kiran shugaban sashen ayyuka ya zo ya yi bayanin inda kuɗin wani aiki ya shiga. A dokokin jihohi da dama ma, kashi biyu bisa uku na kansiloli na iya fara shirin tsige ciyaman idan ya yi babban laifi.

Mu ɗauki kwalbati guda mu bi sawunta. Ruwa ya cinye hanyar da ke shiga wani ƙauye, amalanke ba ta wucewa, mai naƙuda sai an ɗauke ta a kafaɗa an tsallaka da ita. Dattawa su sami mai unguwa, su rubuta takarda, su kai wa kansila. Idan kansilan ya san aikinsa, zai gabatar da ƙudiri a zauren majalisa, wani ya mara masa baya, a miƙa wa kwamitin ayyuka. Injiniyan ƙaramar hukuma ya je ya auna, ya rubuta buhun siminti nawa, rodi nawa, tifar yashi nawa. Idan aikin yana cikin kasafin shekarar, fayil ya wuce gaban kwamitin kuɗi na ɓangaren zartarwa, inda ciyaman ke shugabanta. A ba da kwangila ko a yi aikin da ma'aikatan hukumar. Daga nan a rubuta bauca, mai binciken kuɗi na cikin gida ya duba ya sa hannu, sannan ma'aji da daraktan ma'aikata su saki kuɗin. Idan aikin ba ya cikin kasafi, sai a jira baɗi ko a nemi ƙarin kasafi, kuma wannan ma sai majalisa ta yarda.

Wannan ita ce hanyar da aka shata. To ina take karyewa? Wuri na farko shi ne babban birnin jiha. A jihohi da yawa akwai iyakar kuɗin da ciyaman zai iya kashewa da kansa. Da zarar aiki ya haura wannan iyaka, sai fayil ya tafi ma'aikatar ƙananan hukumomi, wani lokaci har teburin gwamna. Kasafin ma kansa sai an kai shi can an tantance. Wuri na biyu shi ne zauren majalisar. Kansilan da ya san ba ƙuri'a ce ta kawo shi ba, wani babba ne ya rubuta sunansa, da wuya ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba. Sai ka ga kasafin shekara guda an karanta shi an amince a zama ɗaya, ba tambaya ko guda. Saboda haka ko ciyaman ɗin da ake cewa shi ne wuƙa shi ne nama, sau da yawa wuƙar ba a hannunsa take ba.

Akwai kuma namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Je ƙofar gidan kansila da sassafe. Ga mata riƙe da takardar magani, ga saurayi na neman kuɗin fom, ga magidanci yana cewa, “Honarabul, an yi mini haihuwa, jibi suna.” Duk buƙatu ne na gaske, talauci ne ya kawo su, ba wanda zai zarge su. Amma da wuya ka ga wanda ya zo yana tambaya, “Ranka ya daɗe, me aka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana, kuma da aka zo amincewa me ka ce?” Kansilan da albashinsa ke ƙarewa a ƙofar gida dole ya lallaɓa ciyaman don ya sami abin rufin asiri, wanda kake lallaɓawa kuwa ba za ka iya bincikarsa ba.

“Ƙaramar hukuma ba ta da kuɗi, albashi ma da ƙyar.”

Rabi gaskiya, rabi jita-jita. Kuɗin akwai shi, isowarsa ce matsala. A tsarin rabon arzikin ƙasa, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi kuma 20.60. A harajin kayan masarufi na VAT rabonsu kashi 35 ne. Wato duk naira biyar da aka raba daga asusun tarayya, ɗaya da 'yan kai tasu ce. Ban da wannan, doka ta ce kowace jiha ta ba su kashi 10 na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida, abin da jihohi kaɗan ne ke cikawa.

Sashe na 162 na tsarin mulki ya ƙirƙiri asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Manufar ita ce kuɗin Abuja ya sauka a nan, jiha ta ɗora nata, a raba. Abin da aka shafe shekaru ana gani shi ne akasin haka. Tun kafin a raba ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin horar da ma'aikata, da na “ayyukan haɗin gwiwa” waɗanda gidan gwamnati ne ke zaɓar su, shi ke ba da kwangilarsu. Wasu daga cikin waɗannan cirewar suna da hujja. Malaman firamare da kansu, ta bakin ƙungiyarsu, sun daɗe suna fargabar a mayar da albashinsu hannun ciyamomi, domin ba su manta da shekarun da aka yi suna bin bashin watanni ba. Amma bayan an gama cire-cire, abin da ke isa sakatariya sau da yawa ba ya wuce albashi da kuɗin tafiyar da ofis.

A 2019 hukumar da ke sa ido kan hada-hadar kuɗi, NFIU, ta hana fitar da tsabar kuɗin da ya wuce naira 500,000 a rana daga asusun ƙananan hukumomi. Gwamnoni suka garzaya kotu, ba su yi nasara ba. Babban juyin ya zo ranar 11 ga Yuli, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce jihohi ba su da hurumin riƙe kuɗin ƙananan hukumomi ko kashe shi, ta kuma ce a riƙa tura wa kowace hukuma nata kai tsaye.

Daga nan aka sami sabuwar jita-jita, cewa an ba ƙananan hukumomi 'yanci, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. An shafe fiye da shekara bayan hukuncin ana ta jan ƙafa kan buɗe musu asusu a Babban Bankin ƙasa, kuɗin na ci gaba da bin tsohuwar hanya a mafi yawan jihohi. Kuma ko da kuɗin ya sauka kai tsaye, sashe na 7 na tsarin mulki na nan daram: majalisar dokokin jiha ce ke yin dokar da ta tsara ginin ƙaramar hukuma, da kuɗinta, da ayyukanta. Manyan ma'aikatanta ma, irin su ma'aji da daraktan ma'aikata, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗaukarsu, ita ke yi musu canjin wurin aiki. Ma'ajin da ya san takarda ɗaya daga babban birni za ta iya tura shi wata ƙaramar hukuma mai nisa ya san wanda zai yi wa biyayya.

Sai kuɗin shiga na cikin gida, wanda aka fi yin shiru a kansa. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da lasisin kekuna, amalanke, baro da kwale-kwale, da allunan talla, da shaguna, da gidajen abinci da na burodi. Duk ranar kasuwa ana karɓar kuɗi a hannun mai tumatir da mai awaki. Tambayar da ya kamata a yi ita ce nawa ke shiga baitulmali. Duk kuɗin da aka karɓa ba rasit, ko da rasit marar lamba da hatimi, to aljihun wani ya nufa.

“Gwamna na da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi.”

Jita-jita ce, ko da yake an daɗe ana aikata ta har ta yi kama da doka. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. A watan Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushe majalisun ƙananan hukumomin Katsina da aka yi a 2015, da na Oyo a 2019, ya saɓa wa tsarin mulki, ta kuma ba da umarnin a biya waɗanda aka kora haƙƙoƙinsu. Hukuncin 2024 ya ƙara ɗaure maganar, ya ce hukumar da kantoma ke riƙe da ita ba za a ba ta kuɗin tarayya ba. Wannan ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a ƙarshen waccan shekarar.

“Zaɓen ƙananan hukumomi, jam'iyyar gwamna ce ke cinyewa.”

Wannan kam gaskiya ce, da 'yan keɓantattun wurare. Da farko a gyara wani kuskure: ba INEC ce ke shirya wannan zaɓe a jihohi ba. Kowace jiha na da hukumar zaɓenta, kamar KANSIEC a Kano, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta da amincewar majalisar jiha. A watan Oktoban 2024 NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 a Kano. A wannan watan dai APC ta kwashe duka 23 na Kaduna da duka 27 na Jigawa. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne. Duk wadda ke gidan gwamnati haka take yi.

A Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen, sakamakon 2022 ya rabu biyu: PDP ta ci Birnin Tarayya da Kewaye, Bwari da Kuje, APC ta ci Gwagwalada, Kwali da Abaji. A Kaduna ma, da aka gwada na'urar kaɗa ƙuri'a a 2018, 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. Wannan ya nuna mutane ba ra'ayi ɗaya gare su ba. Ƙirgar ce ke mayar da su ɗaya. Kuma abin ya shafi yadda ake yanke shawara kai tsaye. Majalisar da ba ɗan adawa ko guda a cikinta, wa zai miƙe ya ce a kawo takardun kwangila a gani?

“Ai ba a yin komai sai da izinin sarki ko hakimi.”

Wannan magana ta taɓa zama gaskiya. A zamanin En'e sarki da majalisarsa su ne hukumar. Suna da 'yan doka, da gidan yari, da kotunan alƙalai, da baitulmali, kuma hakimai da dagatai ke tara haraji da jangali. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka fara karɓe waɗannan iko ɗaya bayan ɗaya, 'yan doka da gidajen yari suka koma hannun tarayya, kotuna suka koma hannun jihohi. Gyaran 1976, a zamanin Janar Olusegun Obasanjo, shi ne ya kafa tsari bai ɗaya a ƙasa baki ɗaya, da ƙananan hukumomi 301, ya bar wa sarakuna aikin ba da shawara. A 1979 kuma gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, wanda ya rage wani babban dalilin da ke sa talaka tsoron dagaci. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna kujera ko ƙuri'a a majalisar ƙaramar hukuma ba.

A maƙwabciyarmu Nijar an ɗauki wata hanya daban. A tsarin da aka fara da zaɓen 2004, kansiloli ne ke zaɓar magajin gari daga cikinsu, sarakunan gargajiya kuma suna da wurin zama a majalisar, su ba da shawara amma ba sa kaɗa ƙuri'a. A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe waɗannan majalisu ta naɗa kantomomi.

Rashin ƙuri'a dai ba rashin tasiri ba ne. Ciyaman mai hankali ba zai sauya wa kasuwa wuri, ko ya fara rigakafin yara, ko ya shiga rikicin manoma da makiyaya ba tare da ya zauna da hakimi ba, domin mai unguwa ne ya san gida-gida. Inda ake yawan cutuwa shi ne batun fili. A dokar mallakar ƙasa ta 1978, filayen birni na hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuwa tana iya ba da takardar mallaka ta gargajiya a ƙasar da ba birni ba, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce ta cewa an yi ciniki a gabansa, kuma tana da amfani a ranar rikici, amma ba ita ce takardar mallaka ba.

“Ciyaman na da rigar kariya, ba a kai shi kotu sai ya sauka.”

Ƙarya ce. Sashe na 308 mutum huɗu kawai ya ambata: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. Ciyaman da kansila ana iya bincikarsu, a kama su, a gurfanar da su suna kan kujera.

“Talaka ba shi da hurumin sanin abin da ake yi a sakatariya.”

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi yi mana illa, domin masu cin gajiyarta ba sa buƙatar yaɗa ta, mu da kanmu muke riƙe da ita. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba sirri ba ne. Abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, da sunanta da adadin kuɗin, kuma duk mai wayar da ke shiga intanet zai iya nemo na garinsu a shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kowace jiha na da babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi, wanda ke miƙa rahotonsa ga majalisar dokokin jiha, kuma jihohi da dama sun fara sanya waɗannan rahotanni a shafukansu. A cikinsu ne ake ganin baucar da aka biya ba takardun shaida, da kuɗin da aka ba ma'aikaci don wani aiki bai dawo da lissafi ba, da kwangilar da aka biya ba a kammala ba. Karatun na da gundura, amma ƙungiyar matasan gari guda, ko ta 'yan kasuwa, ba za ta rasa mutum biyu da za su iya zama su bi shi layi-layi ba.

Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayun 2011. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025, a wata ƙara da ta taso daga Edo, cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati. Mai nema ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Zai rubuta takarda ga sakatare ko ciyaman, ya ambaci abin da yake so a sarari, misali kwafin kasafin bana, ko sunan ɗan kwangilar da aka ba kwalbatin ƙauyensu da kuɗin da aka biya shi. Ya yi kwafi biyu, ya miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, a buga masa hatimi da kwanan wata a ɗayan ya riƙe. Hukumar na da kwana bakwai ta ba da amsa, ko ta rubuto dalilin da ya sa ta ƙi. Idan ta ƙi ko ta yi shiru, mai nema na da kwana 30 ya kai ƙara babbar kotu, kuma jami'in da aka samu da hana bayani ba bisa ƙa'ida ba tarar naira 500,000 ce a kansa.